Hirar bayan kallon fim: ina sharhi ya tsaya, ina giba ta fara?



Tambayar da aka fi kawo wa malamai game da fim ita ce ko kallonsa ya halatta. An daɗe ana yin ta, an kuma daɗe ana amsa ta, kowane malami da matsayarsa: akwai wanda ya hana ɗungurungum, akwai wanda ya ce hukuncin yana bin abin da fim ɗin ya ƙunsa. Ba wannan muka zo warwarewa yau ba. Akwai wata tambayar da da wuya ka ji an kawo ta gaban malami, alhali ta fi shafar gidajenmu, ita ce hukuncin hirar da ake yi bayan an gama kallo. Fim ɗin na sa'a guda ne, amma zancensa sai ya kwana uku a bakin mutane, kuma har wanda bai kalla ba yana da nasa rabon a cikin zancen.

Duk wanda ya san yankinmu na Bunkure da Kura ya san inda ake wannan hira. Ana yin ta a teburin mai shayi bayan isha'i, ana yin ta a inuwar da masu dashen shinkafa suke hutawa da rana tsaka, ana yin ta a tsakar gida mata suna turara shinkafa, ana yin ta a Kwanar Gafan a gefen kwandunan tumatir ana jiran mai saye. Ba mai ɗaukar ta da nauyi. Ra'ayi ne kawai, in ji masu yin ta, kowa da abin da ya burge shi. Wannan rainin da aka yi mata shi ya sa muka ga ya kamata a tsaya a kanta. A Suratun Nur, a ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, laifin da aka kama wasu mutanen kirki da shi bai wuce maimaita abin da suka ji ba tare da sani ba, da kuma raina girman abin da suke furtawa.

A da, fim abin birni ne. Sai mutum ya shiga Kano, ya biya kuɗin ƙofa, ya zauna a gidan sinima, kuma mai mutunci yakan ji kunyar a gan shi a can. Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya shiga kaset, kaset kuwa ya shiga ɗaki. Aka zo zamanin faifai, shi ma ya wuce. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, daga baya irin su Labarina da Izzar So suka mamaye YouTube. Yau yaro zai kai wayarsa caji a kasuwa, ya dawo da memori cike da fina-finan Hausa da na Indiya da aka fassara, a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Saboda haka hirar da a da ta tsaya ga samarin birni yanzu ta zama ta uwa da 'ya, ta kishiya da kishiya, ta ɗalibin islamiyya da abokinsa a hanyar makaranta.

Saurin yanke hukunci a kan wannan harka kuwa tsohon hali ne. A 1951 gobara ta tashi a gidan sinima na El-Duniya a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu. Masu binciken tarihin sinima a Kano sun rubuta cewa maganar da ta bazu a gari a lokacin ita ce azaba ce ta sauko wa masu kallo. Alhali hadisi a Muwaɗɗa ya lissafa wanda wuta ta ci a cikin waɗanda ake yi wa fatan ladan shahada, kuma makomar kowane mamaci sanin ta sai Allah. Wanda ya ƙi sinima yana da hujjarsa, amma hujjar ba ta ba shi mabuɗin wuta da aljanna ba.

Ɓarna ta farko a hirar bayan kallo ita ce tsallakewa daga labarin zuwa ga mutumin. Ana fara zance a kan matar da ta fito a muguwar kishiya, kafin a ankara an koma kan ita kanta 'yar wasan: ai daga ganin idonta ka san ba ta da tarbiyya, ai wadda ta iya wannan makirci haka a gidansu ta koya, ai ka san abin da ya kashe aurenta. A nan sharhi ya ƙare. Wadda ake magana a kanta yanzu ba halittar marubuci ba ce, Musulma ce mai rai, tana da uwa da uba, wataƙila tana da 'ya'yan da suke zuwa makaranta su ji abin da ake faɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wa sahabbai, a hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa ambaton mutum da abin da ba ya so giba ce ko da abin gaskiya ne, in kuwa ƙarya ne to ya zama ƙage. Ba a cire mai sana'ar fim daga wannan kariya ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kwatanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce, kuma fitowar mutum a allon waya ba ta fitar da shi daga 'yan'uwantakar Musulunci.

Abin yakan wuce giba ma. Sau nawa ake jifan 'yan wasa mata da alfasha a majalisa, ana dariya? Hukuncin wannan a aya ta 4 ta Suratun Nur bulala 80 ne ga wanda ya kasa kawo shaidu 4, tare da zubar da shaidarsa. Mai hira zai ce shi bai faɗa ƙarara ba, habaici kawai ya yi. To, a mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta, habaicin da kowa ya gane inda ya dosa yana ɗaukar hukuncin ƙazafi. A Muwaɗɗa akwai labarin mutum biyu da suka yi cacar baki a zamanin Sayyidina Umar, ɗayan ya tsaya yana wanke iyayensa shi kansa daga zina ta sigar da kowa ya fahimci iyayen abokin faɗansa yake jifa. Sayyidina Umar ya yi shawara da sahabbai, sannan ya yi masa bulala 80. Mu Hausawa da muka ƙware a gugar zana da shaguɓe, muke ganin gwaninta ce mutum ya soki wani ba tare da ya kama suna ba, wannan hukunci ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Ɗalibai sukan kawo hujja a nan, kuma hujjar tana da tushe. Sukan ce Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wurare 6 da giba ta halatta, ɗaya daga ciki shi ne mai bayyana fasiƙancinsa a fili. Gaskiya ne. Amma a ƙarasa karatun: shi kansa Nawawi ya taƙaita halaccin ga abin da mutumin ya bayyana, ban da sauran aibobinsa. Ke nan idan an yi rawa tsakanin namiji da mace a fim, ko an sa tufafin da bai suturta ba, ko an yi batsa a baki, kana da damar cewa wannan abin da aka nuna bai halatta ba, kai wani lokaci ma wajibi ne ka faɗa wa iyalinka haka. Abin da kowa ya gani ne, su suka fitar da shi. Amma abin da ya faru a ɗakin wance, da dalilin mutuwar aurenta, da inda wane ya samu kuɗin motarsa, ba ka gani ba, ba a nuna maka ba, kuma ba ka da shaida. Iyakar a nan take, kuma ba ta da wahalar ganewa ga wanda yake son ya gane.

Akwai darasi a abin da ya faru a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar wasa ya fita daga waya ya bazu. Da gangan muka bar sunanta, domin ambatonsa bayan shekaru masu yawa sake buɗe abin da ya kamata a rufe ne. An kori wasu daga sana'ar, an dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, an ƙara tsananta dokoki. Amma wa ya yaɗa bidiyon? Ba a gidan sinima aka nuna shi ba, ba a kasuwa aka fara sayar da shi ba. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, a hannun mutanen da suke kallo suna salati suna tsinuwa, sannan su tura wa na kusa da su. Aya ta 19 a Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta bazu a cikin muminai. Waɗanda suka aikata laifin an san su an hukunta su da baki da doka. Dubban da suka yi dakonsa kyauta kuwa sun ci gaba da ganin kansu a sahun masu kishin addini.

Ɓarna ta biyu kishiyar ta farko ce, kuma a ganinmu ta fi ta ɓoyuwa. Mun tsananta a kan mutane, mun sassauta a kan labari. Ka tambayi mai kallo ra'ayinsa a kan fim, amsar ba ta wuce ya yi daɗi ko bai yi ba, waƙar ta yi zaƙi, wane ya iya kuka. Abin da labarin ya shuka a kansa kuwa ya wuce ba bincike.

Ɗauki sakin aure, wanda da wuya a gama fim mai dogon zango ba a yi shi ba. Miji ya fusata, ya ɗaga murya ya ce ya sake ta saki uku, ita kuma ta ja akwati ta nufi gidansu tana kuka, kiɗa mai ban tausayi yana tashi. Masu hira za su rabu biyu, wasu su ce ta cancanta, wasu su ce ya zalunce ta. Da wuya ka ji wanda ya ce tsaya, ai wannan sakin kansa ya saɓa wa sunna. Sakin sunna guda ɗaya ne, a cikin tsarkin da bai kusance ta ba. Haɗa uku a kalma ɗaya bidi'a ce, kuma a wurin mazhabobin nan huɗu yana aukuwa, ya rufe ƙofar kome har sai ta auri wani aure na gaskiya. Sannan farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya umarci wadda aka saka ta yi iddarta a ɗakinta, kada a fitar da ita, kada ta fita, domin sau da yawa zuciya takan sauko a cikin waɗannan kwanaki. Yarinyar da ta ga jan akwati sau ɗari a waya, ta ji hukuncin idda sau ɗaya a islamiyya, wanne kake zaton za ta bi ranar da abin ya same ta? Duk limamin da ake kawo wa rikicin aure ya san yawan matan da suke isowa gidan iyayensu tun kafin tawadar takardar ta bushe, da yawan mazan da suke zuwa bayan kwana biyu suna neman malami ya samo musu mafita daga ukun da suka furta. Ba mu ce fim ne ya ƙirƙiro wannan hali ba, ya tarar da shi a cikinmu. Amma maimaita shi ba tare da wani a cikin labarin ya nuna kuskurensa ba yana mayar da shi kamar shi ne tsarin addini.

Haka zancen boka. Yawancin marubuta sukan sa asiri ya karye a ƙarshe, mai gaskiya ya yi nasara, kuma a yaba musu a kan haka. Sai dai ka saurari abin da ya rage a bakin masu kallo. Ba shirkar zuwa wurin boka ake tattaunawa ba, a'a, yadda asirin ya ci ake jinjinawa, kuma daga nan sai zargi ya shigo gida. A gidan da ake da mata biyu, hirar fim takan zama hanyar isar da saƙo: wannan hali nata sak na wata da na sani. Wadda aka nufa ta ji, ta haɗiye, ta ajiye nata martanin sai kashi na gaba. Fim ɗin da aka kalla don nishaɗi ya zama makami a tsakar gida, yara kuma suna zaune suna koyon yadda ake riƙe shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen karkara kai tsaye. Dubi yadda ake yawan nuna baƙauye a fina-finan barkwanci: wawa, ƙazami, wanda bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba. Mutumin kirki mai nasara kuwa sai a gidan bene, da manyan kaya, ba a taɓa ganin gumi a goshinsa ba. Ɗan manomi a Bunkure zai kalli wannan ya yi dariya har da hawaye, bai lura da kansa da mahaifinsa yake yi wa ba. Alhali tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar da ake noma rani da damina, shinkafarta da tumatirinta suna ciyar da birane har kudancin ƙasar nan. A 2016, da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a wannan yanki, sai da farashinsa ya gagari masu miya a Legas, har sabon kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Ga labari nan cike da bashi da haƙuri da tawakkali, da magidancin da ya wayi gari gonarsa ta ƙone kamar an sa mata wuta. Matashin da ya iya tambayar me ya sa irin wannan rayuwa ba ta cika zama labarin jarumi ba, shi ne ya yi sharhi. Wanda bai tambaya ba, a hankali zai fara jin kunyar fartanya da fangalin da suka biya masa kuɗin makaranta.

A wannan shekarar ta 2016 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabtanmu, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Malamai da jama'a da dama suka yi ca, gwamnati ta janye. Damuwar da aka nuna a kan tarbiyya ba ta banza ba ce. Amma mu dubi abin da ya biyo baya da idon gaskiya: ba a gina ƙauyen ba, fim kuma bai ragu ba, sai ma ya ƙaru ya koma aljihun kowa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, tana iya kiran mai shirya fim a Kano ta tuhume shi, amma ba ta da iko a kan abin da aka ɗora daga wata jiha ko wata ƙasa, ballantana memorin da ke wayar ɗanka. Manomin rani ya san wannan lissafi. Hukuma ce take sakin ruwa daga Tiga zuwa babbar magudana, amma wanda zai tsaya a bakin gona ya ga inda ruwan ya nufa, ya toshe nan ya buɗe can, mai gonar ne. A gida, wannan tsayuwa ita ce hirar bayan kallo. Uban da ya ce shi ba ruwansa da shirme, ya bar ɗakin, bai hana kallon ba, ya dai bar wa wasu fassarar abin da aka kalla. Da zai zauna ko na ɗan lokaci ya tambayi 'yarsa, a ganinki abin da wannan matar ta yi daidai ne, me malaminku ya ce a kan irinsa, da ya ji abin da ke kanta tun kafin ya zama aiki.

Wani abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba shi ne ra'ayinsu yanzu kuɗi ne. Fim ɗin da ake sakawa a YouTube yana samun kuɗin talla gwargwadon yawan masu kallo, kuma da yake kashi-kashi ake fitar da shi, masu shiryawa suna bibiyar abin da jama'a suke faɗa kafin su ci gaba. Na'ura ba ta bambance wanda ya kalla don so da wanda ya kalla don tsinuwa. Wanda ya yanko wurin da ya fi muni ya watsa a WhatsApp yana cewa ku ga lalacewar zamani, talla ya yi wa fim ɗin ba a biya shi ba. Wanda kuma ya ga an yi abin kirki, an nuna biyayyar iyaye ko amanar kasuwanci ko an gyara hukuncin gado yadda yake, ya yi shiru don kada a ce malam yana kallon fim, ya hana mai kyautatawa ƙarfin gwiwa. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin yi musu adalci, kuma faɗin alherin wanda ya yi alheri yana cikin adalcin.

Wannan ya shafi masu hawa mimbari ma. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a hukunta abu sai an fahimci yadda yake. Mai wa'azin da ya tattara dubban mutane, marubuta da masu ɗaukar hoto da direbobi da masu dafa abinci a wurin aiki, ya yi musu jam'u da kalma ɗaya ta fasiƙanci, ya faɗi abin da ba zai iya kawo shaida a kansa ba, kuma ya ba majalisa lasisin ci gaba daga inda ya tsaya. Hana mummuna wajibi ne, amma a ambaci mummunan da sunansa, rawar ce ko shigar ce ko cakuɗuwar ce, don mai laifi ya san abin da zai bari, marar laifi kuma kada a haɗa shi a ciki.

Saura wanda ya riga ya afka, wanda ya san bakinsa ya taɓa mutuncin wani ɗan wasa ko wata 'yar wasa. Giba haƙƙin bawa ce, istigfari kaɗai ba ya wanke ta kamar yadda yake wanke abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Malamai sun yi saɓani a kan ko dole ne a sanar da wanda aka ci namansa a nemi afuwarsa. Wasu sun wajabta, wasu kuma, kamar Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ga cewa idan maganar ba ta kai gare shi ba, sanar da shi ƙara masa ciwo ne, sai a nema masa gafara, a kuma ambace shi da alheri a wurin da aka ɓata shi. Ga manomin da ke Bunkure wanda ba shi da hanyar ganin wadda ya ɓata, wannan ra'ayi na biyu shi ne mai yiwuwa: ya koma teburin mai shayin nan, gaban mutanen nan, ya ce abin da na faɗa a kan wance ba ni da sani a kansa. Idan kuwa a rubuce ya yi, a Facebook ko a ƙarƙashin wani bidiyo, to maganar tana nan ana karanta ta ko yana barci, sai ya nemo ta ya goge.